Tijuka: Dajin Da Aka Dasa Da Hannu Domin Ruwa Ya Dawo

A wannan wata za mu kai ku wata ƙasa mai nisa a ƙetaren teku. Sunan ƙasar Barazil. A can akwai wani babban birni da ke bakin teku, ana kiransa Riyo di Janero, ko Riyo a taƙaice. A tsakiyar birnin akwai duwatsu, a kan duwatsun akwai daji, a cikin dajin kuma akwai rafuka masu faɗowa daga kan dutse. Mutumin birni yana iya karya kumallo a gidansa, ya hau mota, ya sauka a bakin daji, ya yi 'yar tafiya a ƙasa ta rabin awa, sai ga shi a gaban ruwa mai sanyi yana zubowa daga sama. Kafin azahar ya dawo gida.

Abin da ya sa muka kawo muku wannan labari shi ne, an taɓa sare wannan daji har ruwan birnin ya kusa ƙafewa. Dajin da ake gani yau, mutane ne suka sake tayar da shi. Za mu bayyana yadda wurin yake, da yadda ake zuwa, da haɗarin da ke ciki, da kuma yadda aka yi ruwa ya dawo.

Ina ne Riyo?

Barazil tana nahiyar Kudancin Amurka. Tekun Atilantika ne ya raba ta da Afirka ta Yamma. Mutanenta suna magana da harshen Fotugal, domin Turawan Fotugal ne suka mallake ta a zamanin da. Su ne suka kafa birnin Riyo a shekarar 1565. Birnin ya zama hedkwatar ƙasar daga 1763 har zuwa 1960, lokacin da aka mayar da hedkwata sabon birnin Barasiliya. A ƙidayar da aka yi a 2022, mutanen Riyo sun haura miliyan 6.

Birnin a matse yake tsakanin teku da duwatsu. Gidaje suna ƙasa, duwatsu suna tsaye a bayansu. Dajin da ke kan waɗannan duwatsu shi ake kira Tijuka. Girmansa ya kusa hekta 4,000. Hekta ɗaya ta ɗan fi filin ƙwallon ƙafa girma, to ku ƙiyasta. Dutsen da ya fi tsawo a cikinsa ya haura mita 1,000 daga bakin teku. Gwamnatin ƙasar ta mayar da wurin gandun daji na ƙasa a 1961, aka sa masa sunan Tijuka a 1967. Ba a noma a ciki, ba a farauta, ba a sare itace.

Mece ce matsirgar ruwa?

Matsirgar ruwa ita ce wurin da rafi ko kogi yake zuwa bakin dutse, ya rasa hanya, ya faɗo ƙasa da ƙarfi. Wanda ya taɓa zuwa Gurara a Jihar Neja, ko matsirgar da ke kusa da Kafancan, ya san irin abin da ake nufi. A gindin wurin ruwa yakan haƙa tafki, domin ya daɗe yana dukan wuri ɗaya.

Abu biyu ne suka sa irin waɗannan wurare suka yi yawa a Tijuka. Na farko, duwatsun suna da tsayi da gangara, kuma dutsen mai tauri ne, ruwa ba ya cinye shi da wuri. Na biyu, ana samun ruwan sama sosai. Iska tana tasowa daga teku ɗauke da laima. In ta ci karo da dutse sai ta hau sama. In ta hau sai ta yi sanyi, laimar ta zama hadari, ruwa ya sauka. Saboda haka ruwan da ke sauka a kan duwatsun ya fi wanda ke sauka a bakin teku. A wasu sassan dajin yakan haura milimita 2,000 a shekara, watau ya ninka na Kano sau biyu ko fiye.

Lokutan shekara a can sun saɓa da namu. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da muke cikin hunturu da rani, su suna cikin zafi da ruwa mai yawa. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa, lokacin damunarmu, su suna cikin sanyi, ruwa ya ragu. Amma ba ya ɗaukewa ƙaf kamar yadda yake yi a wurinmu.

Wuraren da ake zuwa

Akwai hanyoyin ƙafa da yawa a cikin dajin. Wasu na masu ƙarfi ne, masu hawa dutse yini guda. Amma waɗanda jama'a suka fi bi gajeru ne. Ga guda huɗu daga cikinsu.

Na farko, matsirgar Taunay. Ita ce ta fi kowace tsawo a gandun, wajen mita 35, kamar bene mai hawa 10. Tana kusa da babbar ƙofar shiga, a unguwar da ake kira Alto da Boa Vista. Daga ƙofa zuwa wurin tafiyar 'yan mintoci ce a kan titi mai kwalta, ƙarƙashin inuwa. Tsoho da yaro duk suna iya zuwa. An sa mata sunan wani mai zane, Bafaranshe, Nicolas-Antoine Taunay, wanda ya zo Riyo a 1816 ya gina gida a gefenta. 

Na biyu, matsirgar Almas. Tana can cikin dajin, gaba da ta farko. Ba ta da tsawo sosai, amma an yarda a yi wanka a cikinta. Hanyar zuwa siririya ce, ta ƙasa, tana bin gefen rafi a ƙarƙashin manyan itatuwa. Daga ofishin karɓar baƙi zuwa wurin ba a kai awa ɗaya. Akwai alamu a jikin itatuwa da alluna masu nuna hanya.

Na uku, rafukan Horto. Suna ɗaya gefen dutsen, bayan babban lambun itatuwa na birnin, wanda aka kafa tun 1808. A nan wuraren faɗowar ruwa suna da dama, wani sama da wani. Na ƙasa suna kusa da titi. Na sama kuwa sai an yi hawa, a wasu wurare har sai an dafa dutse ko an kama saiwar itace. Samari sun fi zuwa nan, musamman ranakun Asabar da Lahadi in zafi ya yi yawa.

Na huɗu, hanyar Paineiras. Wannan titi ne da ke bin gefen dutse. A bakinsa an jawo ruwan maɓuɓɓuga yana zubowa daga sama, mai tafiya ya tsaya ya jiƙa jikinsa ya wuce. Daga nan ana hango birni da teku a ƙasa. Titin yana kusa da dutsen Korkobado, inda Kiristocin ƙasar suka kafa wani ƙaton mutum-mutumi a 1931. Saboda shi miliyoyin baƙi suke shiga gandun kowace shekara.

Abin da mai tafiya zai gani

Da zarar mutum ya shiga dajin sai ya ji ƙarar motoci ta ragu, iska ta yi sanyi. Itatuwa sun haɗe a sama, rana ba ta isa ƙasa sosai. Ƙasa kullum a jiƙe take, ganye ya rufe ta. Tun kafin ka ga ruwan za ka fara jin ƙararsa.

Akwai birai ƙanana da matsakaita. Akwai tsuntsaye iri-iri, har da wani mai ƙaton baki mai launi, ya yi kama da cilakowa. Akwai malam-buɗe-littafi shuɗi, mai faɗin tafin hannu. Akwai wata dabba mai dogon hanci da dogon bindi, girmanta ya ɗan fi na kyanwa, suna kiranta kwati. Ta saba da mutane, takan zo ta buɗe jakar baƙo tana neman abinci. Akwai kuma macizai, wasunsu masu dafi ne.

Wanda ya ga wannan zai ɗauka tun fil azal haka dajin yake. To ba haka ba ne.

Yadda aka kashe dajin

Tun da Turawa suka zauna a Riyo ake sarar itace a kan duwatsun, domin gini da girki da yin gawayi. Amma ɓarnar ta yi tsanani ne bayan 1808. A shekarar nan iyalan gidan sarautar Fotugal da fadawansu suka gudo daga yaƙin Turai suka sauka a Riyo. Birni ya cika da mutane. Bukatar itace da gawayi ta ƙaru.

Sannan ga gahawa, wadda wasu ke kira kofi. A lokacin tana da tsada a kasuwannin Turai, kuma tana son ƙasar tudu mai laima. Masu kuɗi suka mallaki gefen duwatsun, suka sare daji, suka cinna wuta, suka dasa gahawa. Bayi ne suke yin aikin. Barazil ta fi kowace ƙasa a wannan nahiya karɓar bayin da aka kwaso daga Afirka, kuma har da Hausawa a cikinsu, musamman waɗanda aka kai jihar Bahiya.

Da farko gonakin sun ba da amfani. Amma gona a kan gangara, in babu abin da ke riƙe ƙasa, ba ta daɗewa. Ruwan sama ya riƙa wanke ƙasar sama mai taki yana gangarawa da ita. Bayan 'yan shekaru gonakin suka gaji, masu su suka bar su suka nufi wani wuri. Aka bar duwatsu tsirara, sai ciyawa da kwazazzabai.

A wancan zamani duk ruwan shan birnin daga rafukan waɗannan duwatsu yake fitowa. Mafi shahara shi ne rafin Kariyoka. An gina masa doguwar gada mai ɗauke da ruwa, aka gama ta a 1750, tana kai ruwa tsakiyar gari, mutane suna ɗiba a wuraren da aka tanada. Da daji ya tafi, rafukan suka canza hali. In an yi ruwan sama sai su cika su yi ambaliya da jan ruwa mai laka. In ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci sai su janye, su koma kamar zare.

A 1817 sarki ya kafa doka cewa kada a ƙara sare itace a kusa da idon ruwan Kariyoka. Ba a bi dokar yadda ya kamata ba. Aka yi fari a 1824, da 1829, da 1833, da kuma 1844. Birnin da ke gindin duwatsu masu yawan ruwan sama ya wayi gari yana layin ruwa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Hukuma ta gane cewa sarar daji tana cikin abin da ya jawo wannan wahala.

Yadda aka tayar da shi

Abu na farko da gwamnati ta yi shi ne sayen gonakin da ke kusa da idanun ruwa daga hannun masu su. An yi wannan a hankali, musamman daga 1856. Sannan a watan Disamba na 1861, zamanin Sarki Pedro na Biyu, aka ba da umarnin a sake dasa daji a Tijuka. Aka danƙa aikin a hannun wani mutum mai suna Manjo Manuel Gomes Archer. Ya fara aiki a farkon 1862.

Ma'aikatan da aka ba shi da farko mutum shida ne kacal, kuma dukansu bayi ne na gwamnati. Tarihi ya riƙe sunayensu: Eleuterio, Constantino, Manuel, Mateus, Leopoldo, da mace ɗaya, Maria. Daga baya aka ƙara masa ma'aikata 'yan albashi. Su ne suka ɗauki dashe a ka suka hau dutse, suka share ciyawa, suka haƙa ramuka, suka dasa, suka yi ta kula da shi. Ba a hana bauta a Barazil ba sai a 1888. Duk wanda ya sha inuwar Tijuka yau, ya sha gumin waɗannan bayin Allah.

Akwai dabaru uku da Archer ya bi waɗanda suka sa aikin ya yi kyau.

Ɗaya, ya fi dasa itatuwan da asalinsu na wannan ƙasa ne. Yakan samo iri da ƙananan tsiro daga sauran dazuzzukan da ba a sare ba, har da na gonarsa. Itacen gida ya san ƙasarsa, ya san ruwanta da ƙwarinta.

Biyu, bai dasa iri ɗaya a jere kamar gonar dawa ba. Ya cakuɗa iri-iri, kamar yadda daji yake a halittarsa. In cuta ta kama wani iri, saura su tsira.

Uku, ya fara da wuraren da suka fi muhimmanci, watau bakin rafuka da kewayen idanun ruwa da gangaren da ƙasa ke zaizayewa.

Ya yi wannan aiki har 1874. A cikin waɗannan shekaru an dasa itatuwa fiye da 60,000. Wanda ya gaje shi, Gastão d'Escragnolle, ya ci gaba da aikin. Ya ƙara dubban itatuwa, ya kuma gyara hanyoyi da gadoji da wuraren hutawa domin jama'a su riƙa shiga yawo. Yawancin hanyoyin da ake bi yau tun daga wancan lokaci suka samo asali.

Amma a lura da wani abu. Itatuwan da aka dasa da hannu ba su isa su rufe duwatsun duka ba. Sauran aikin dajin ne ya yi da kansa. Da aka hana sara da wuta da noma, tsuntsaye da jemagu da birai da iska suka riƙa yaɗa iri. Kututturen da aka sare suka yi toho. A hankali daji ya haɗe. Ashe dashe rabin aiki ne, tsaro shi ne sauran rabin.

Yaya itace yake riƙe ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma amsarta ba ta da wuya.

In ruwan sama ya sauka a daji, ganye ne yake fara tare shi. Ƙarfinsa ya ragu, ya riƙa ɗiga a hankali. A ƙasa kuma akwai busasshen ganye da ruɓaɓɓen itace, sun yi shimfiɗa mai kauri. Wannan shimfiɗa tana shan ruwa kamar soso. Saiwoyi da tsutsotsi da gara sun huda ƙasa, sun yi ƙananan hanyoyi. Ruwa ya bi ta nan ya nutse. Can ƙasa sai ya taru a tsakanin duwatsu, ya riƙa tafiya sannu-sannu, har ya fito a idon ruwa bayan makonni ko watanni. Shi ya sa rafin daji yake gudu ko da an kwana biyu ba a yi ruwa ba, kuma ruwansa garau yake.

In kuwa ƙasa tsirara ce, ɗigon ruwa yana dukanta kai tsaye, ya toshe ƙofofinta. Ruwa ba ya samun lokacin nutsewa. Sai ya kwarara gaba ɗaya, ya kwashi ƙasa, ya haƙa kwazazzabo, ya cika rafi da yashi. Yau ambaliya, gobe ƙishirwa.

Kowa yana iya gwada wannan a gida. Ka sami wuri mai ɗan gangara. Ka rufe gefe ɗaya da ciyawa ko kara, ka bar ɗaya gefen a buɗe. Ka zuba ruwa bokiti ɗaya a kowane gefe. Ka duba wanne ne ruwansa ya gudu da sauri, wanne ne kuma ya yi ja. Bayan kwana biyu ka tona ka ga inda laima ta rage. Gani ya kori ji.

A yau Riyo ta yi girman da rafukan Tijuka ba za su iya shayar da ita ba. Mafi yawan ruwan famfon birnin daga kogin Guandu ake jawo shi. Duk da haka dajin yana da amfani babba. Yana rage zafin gari. Yana riƙe ƙasar duwatsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a shekaru irin su 1966 da 2010 ruwa mai yawa ya sa ƙasa ta zabtaro a kan gidajen da ke gefen duwatsu, mutane da yawa suka rasu.

Ruwan da ke zuwa ba sallama

Wurin faɗowar ruwa yana da daɗin kallo, amma yana da haɗari. Babban haɗarin shi ne cikowar rafi farat ɗaya. Mutanen Barazil suna kiran wannan da wani suna a harshensu mai ma'anar "kan ruwa".

Ga yadda abin yake faruwa. Ana iya yin ruwa mai ƙarfi a can saman dutse, alhali inda kake rana ake yi. Ko a daji mai kauri, in ruwa ya yi yawa ƙasa takan ƙoshi ta kasa shanye shi. Ruwan ya taru a ƙananan rafuka, su haɗu, su gangaro lokaci ɗaya. Cikin 'yan mintoci tafkin da yake iya gwiwa ya zama kogi mai jan duwatsu da gungume. A Barazil mutane da dama sun rasa rayukansu ta haka, har da gwanayen iyo.

Alamominsa guda huɗu ne:

1. Ruwa ya fara canza launi, ya yi ja ko ya gurɓace.
2. Ganye da ƙirare su fara biyo ruwa da yawa.
3. Ruwa ya fara hawa kan dutsen da ɗazu yake a bushe.
4. Ka ji ƙara daga sama tana ƙaruwa, kamar babbar mota na tafe.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka fita nan take. Ka hau tudu ta gefe. Kada ka bi hanyar rafi kana gudu, ruwa ya fi ka sauri. Kada ka tsaya ɗaukar takalmi ko jaka. Kada ka ce sai ka ƙetare zuwa ɗaya gefen.

Haɗari na biyu shi ne santsi. Dutsen da ruwa ke jiƙawa kullum yakan yi gansakuka. Masu hawa saman matsirga domin su leƙa ƙasa ko su ɗauki hoto su ne suka fi faɗowa. Na uku shi ne tsalle cikin tafkin da ba ka san zurfinsa ba. Ruwa yakan kawo sabon dutse ko gungume ya ajiye a inda jiya babu.

Ƙa'idojin tafiya

Ma'aikatan gandun suna ba baƙi shawarwari. Ga muhimmansu:

1. A fita da safe, a dawo kafin duhu. Ana rufe ƙofofin gandun da yamma, kuma duhu yana saurin shiga cikin daji.
2. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. A tafi cikin ƙungiya, a kuma gaya wa na gida inda aka nufa. Akan sami ɓarayi a wasu hanyoyin da ba kowa.
3. In hadari ya haɗu, ko an kwana ana ruwa, a fasa zuwa rafi.
4. A sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Silifa ba ta hawa dutse.
5. A riƙe ruwan sha daga gida. Ruwa garau ba lalle ne ya zama mai tsabta ba.
6. A bi hanyar da aka yi wa alama. Yanke hanya yana ɓatar da mutum, yana kuma kashe ƙananan tsiro.
7. A duba kafin a dafa dutse ko a zura hannu cikin rami, saboda maciji.
8. Kada a ba dabbobi abinci. Yana sa su cuta, yana koya musu ƙwace da cizo.
9. Kada a kunna wuta. Kada a yi wanka da sabulu a rafi. Kowa ya koma da shararsa.
10. A yi allurar rigakafin cutar shawara kafin shiga dazuzzukan wannan yanki. Cutar ta ɓarke a can a 2017 da 2018. Sauro ne yake yaɗa ta. Rigakafi ya fi magani.

Aikin bai ƙare ba

Har yanzu ana kula da dajin, domin matsaloli ba su ƙare ba. Birni yana matsa shi ta kowane gefe, talakawa suna neman wurin gina gida. Wuta takan tashi lokacin da ruwa ya ragu. Akwai kuma wani itace baƙo da aka kawo daga nahiyar Asiya, suna kiransa jaka, mai 'ya'ya manya kamar kabewa. Ya yaɗu ƙwarai a wasu sassa har yana danne itatuwan gida, sai ma'aikata sun riƙa rage shi.

Haka kuma masana sun lura cewa itatuwa sun dawo amma wasu dabbobi ba su dawo ba. Akwai itatuwan da 'ya'yansu ke zuba a gindinsu su ruɓe, domin babu mai ɗauke su. Saboda haka aka fara mayar da dabbobin da suka ɓace. Wajen 2010 aka saki wata dabba mai kama da gafiya marar dogon bindi, ana kiranta kutiya. Halinta shi ne ta binne 'ya'yan itace domin ta ci daga baya, ta manta da wasu, su tsiro. A 2015 aka saki wani irin babban biri mai kuka da ƙarfi. A 2012 kuwa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa duwatsun Riyo da dajinsu cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Abin da za mu ɗauka

Ƙasarmu ba irin ta Riyo ba ce. Ruwanmu bai kai nasu ba, raninmu kuma ya fi nasu tsawo. Dashen itace ba zai sa ruwa ya riƙa faɗowa daga dutse a kowane ƙauye ba. Amma yadda ƙasa take shan ruwa ɗaya ne a ko'ina. Korama da aka sare itatuwan bakinta takan cike da yashi, ta ci gonakin da ke gefenta, rijiyoyin kusa su ƙara zurfi. Dattawa da yawa sun ga haka da idonsu.

Mutanen Riyo sun sare dajinsu cikin 'yan shekaru, amma sai da aka yi shekaru masu yawa kafin ya dawo. Waɗanda suka dasa shi ba su ga girmansa ba. Jikokin jikoki ne suke shan inuwarsa yau, suna kai 'ya'yansu kallon ruwa.

Don haka muna kira ga masu unguwanni da ƙungiyoyin manoma da 'yan ajin yaƙi da jahilci. A bar itatuwan bakin rafi da na kewayen idon ruwa. In za a yi dashe, a fara da nan, a kuma fifita itatuwan gida. Tsiron da ya fito da kansa a gona a kewaye shi, a tsare shi daga awaki da wuta. A koya wa yara alamomin nan huɗu na cikowar rafi, domin koramarmu ma takan ciko ba sallama in an yi ruwa a gabas.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya ba mu damuna mai albarka, amin.